Yadda Muka Tattara Tarihin Garinmu Daga Bakin Dattawa Da Cikin Gafaka

Ƙungiyar tarihin garinmu ba wata babba ba ce. Yawancinmu malaman makaranta ne, sai wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, da tela, da ɗan liman, da wasu malamai mata na islamiyya da suka shigo daga baya. Mukan zauna Asabar ɗin farkon kowane wata a wani aji na firamare, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a asusu. Garin yana gabas da Kano. A da cikin lardin Kano muke, tun 1991 muka koma jihar Jigawa, layin dogon da aka ja daga Kano zuwa Nguru wajen 1930 kuwa ta gefenmu ya bi. Ni ne sakatare, don haka da aka yanke shawarar a tattara tarihin garin a rubuce, ni aka danƙa wa ragamar aikin. Na ga ya dace in bayyana yadda muka bi da shi, domin garuruwa irin namu suna da yawa, kuma na san akwai masu wannan niyya da suka rasa ta inda za su kama.

Ganuwa ce ta tayar da mu. Ɗan abin da ya rage nata ana ta sara ana buga tubali da shi, kududdufin da aka ɗebi ƙasar gininta kuma ya zama juji. Ka tambayi ɗan aji shida sunayen ƙofofin garinsu sai ya yi tsuru, kuma ba laifinsa ba ne. Tun wajen 2009 aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ko da ya dawo ɗin, littafin da aka buga don ƙasa baki ɗaya zai kawo Bayajidda da Shehu Usmanu da Gwamna Lugga, amma ba zai gaya wa yaro wanda ya haƙa rijiyar tsakiyar garinsu ba, ko abin da ya sa ake kiran unguwarsu Zango alhali bai taɓa ganin ayari ya sauka a cikinta ba.

Ba mu ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba sai da muka fara zuwa fada. Muka zube muka yi gaisuwa, shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, so muke mu rubuta tarihin ƙasarka tun masu ba da shi suna raye." Hakimi ya tambaye mu, na sarauta muke nufi ko na gari? Muka ce duka biyun. Ya yi shiru kaɗan, sa'annan ya sa albarka, ya ce a kira dagaci da masu unguwanni a shaida musu. Ranar Juma'a liman ya yi sanarwa bayan sallah. Wannan mataki kada wanda ya tsallake shi. Mutumin karkara in ya ga an zo masa da biro da takarda ana tambayar kakanni da gonaki, abin da zai fara zuwa ransa haraji ne ko rikicin gado, kuma yana da hujjar tsoro. Amma da aka ji daga bakin liman, sai ya zama in mun yi sallama a soro an riga an san abin da ke tafe da mu, har a shimfiɗa mana tabarma.

Masu unguwanni suka ba mu sunayen tsofaffin da ya kamata a gani. Da aka karanta jerin a zaman ƙungiya, ɗaya daga cikin malamai mata ta ce, "Malam, duk jerin nan ban ji sunan mace ko ɗaya ba." Gaskiyarta ce. An kawo masu sarauta da limamai da attajirai, an bar tsohuwar ungozomar da rabin garin ta hannunta suka faɗo duniya, an bar jakadiyar tsohon hakimi, da mai furar da ta shekara da shekaru tana zama a bakin tasha. Aka sake jeri, aka ƙara da su, aka ƙara da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da wanzamai da wani tsohon ɗan dako. Muka raba aiki: mata su shiga cikin gida wajen mata, mu maza mu tsaya a soro. Muka kuma jera sunayen bisa tsufa da rashin lafiya, wanda ya fi rauni shi ne farko. Biyu daga cikin waɗanda muka ɗauka a watannin farko sun rasu kafin a gama aikin, Allah ya jiƙan su.

Kayan aikinmu wayar hannu ce da littafin rubutu. Lokacin rani muka zaɓa, bayan an kai amfani gida, domin da damina ba ka samun manomi a zaune. Hantsi ya fi dacewa da tsofaffi, kafin rana ta take, ko kuma bayan la'asar. Ranar kasuwa ba a zuwa. Mukan tafi da goro da sabulu, wani lokaci da sukari, a matsayin gaisuwa. Kuɗi kam mun hana kanmu bayarwa, don kada a fara ƙaro labari saboda abin hannu. Kafin a kunna waya sai na yi bayani dalla-dalla: za mu naɗi muryarka, za a rubuta, za a karanta wa jama'a, in akwai abin da ba ka so a fitar ka faɗa a kashe. Sa'annan in faɗi ranar da wurin da sunan mai magana a cikin naɗin kansa, domin fayil ɗin waya yana iya rikicewa, amma abin da ke cikin murya yana nan.

Wani ɗan garinmu da ke koyarwa a jami'a ya ba mu shawarar da ta fi kowace amfani. Ya ce kada mu ce wa dattijo "ba mu tarihin garin nan". In ka faɗi haka, labari ɗaya kowa zai maimaita maka, na maharbin da ya fara sauka a gindin tsamiya, kuma cikin ɗan lokaci an gama. Ya ce mu tambayi mutum abin da hannunsa ya yi da abin da idonsa ya gani. Haka muka yi. Na ce wa Sarkin Maƙera, "Baba, da ba a fara samun ƙarfen mota da na jirgi ba, da me mahaifinku yake ƙira?" Nan ya gyara zama, ya shiga bayanin tama da yadda ake narka ta, da inda ake sayo ta, da irin itacen da ake ƙona gawayinsa, har ya sa jikansa ya ɗauko wata tsohuwar uwar maƙera da aka daina aiki da ita. Daga zancen ƙarfe muka faɗa zancen kibiya da mashi, daga nan sai ga labarin harin Damagarawa a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, yadda kakarsa ta ba shi, da yadda mutanen ƙauyuka suka kwana cikin ganuwa da dabbobinsu. Da tarihin yaƙi na tambaye shi kai tsaye, ban jin zan sami rabin wannan.

Ta ɓangaren mata ma haka. Tsohuwar da aka tambaya yadda ake kaɗi da mazari da alli, ita ce ta lissafa gidajen masaƙa na unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, da karofin da ke bayan gari inda yanzu aka yi gidan mai, da fataken da ke ɗaukar baƙin rini su yi arewa da shi. Wata kuma daga zancen kayan ɗakin aurenta, tasoshi da taskira da adudu, ta gangaro kan kakanta da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya bar iyali a can ƙasar da yanzu ake kira Gana. Akwai gidaje biyu da ’yan uwansu suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi, suka zauna a Sudan ba su dawo ba, kuma har yau ana gaisawa ta waya.

Wahalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce shekaru. Tsoho ba ya ce maka 1942. Zai ce "shekarar ’Yar Gusau", ko "ina goye aka yi fara", ko "zamanin Sarki Alhaji". Sai muka zauna muka yi wani dogon jadawali a kwali, muka manna a bangon ajin da muke taro. A gefe ɗaya sarakunan Kano: Alu daga 1894 zuwa 1903, Abbas zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, Inuwa na ’yan watanni, sai Ado Bayero daga 1963. A ɗaya gefen abubuwan da ba wanda ya manta da su: basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, shigar Turawa Kano a 1903, yaƙin Haɗeja a 1906, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura mai kisa ta 1918 da ake kira marisuwa, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, kisan Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979. Da wannan sai tambaya ta zama mai sauƙi. "Inna, da aka tayar da kasuwa daga ƙofar fada, da sule ake ciniki ko da naira?" "An yi miki aure kafin a kashe Sardauna ko bayan nan?" Amsa biyu ko uku irin waɗannan sukan matse abu cikin ’yan shekaru kaɗan. Inda muka kasa matsewa, mukan rubuta "tsakanin kaza da kaza" mu bar shi haka. Na fi son gibi na gaskiya da shekarar da aka ƙaga don shafi ya yi kyau.

Takardu kuwa ba mu zaci za a same su da yawa haka ba. Ɗan liman ne ya buɗe mana wannan ƙofa. Ya kai mu wajen wani tsohon malamin zaure, muka ce, "Allah ya gafarta Malam, an ce akwai littattafan kakanni a wajenka." Ya ce akwai, amma ko warƙa ɗaya ba za ta fita daga soron nan ba, domin an taɓa karɓar wani littafin mahaifinsa da sunan aro, har yau shiru. Muka ce mun yarda, kuma daga ranar ya zama dokar ƙungiya: ba ma ɗaukar takardar kowa, a gaban mai ita za a ɗauki hoto a mayar masa. Labarin wannan doka ya zaga gari, shi ya sa wasu da kansu suka riƙa aiko yara a kira mu.

Da aka kwance gafaka ta farko na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk da a garin na tashi. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, kuma ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma ɗaya da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Saboda haka in ka bari iska ta watsa su, ko ka juya su ba bisa tsari ba, ka jawo wa mai littafi aikin kwanaki. Mukan shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da safe, mutum ɗaya da ya wanke hannu ya bushe yana juyawa, ɗaya yana ɗauka, da rula a gefe don a san girman takardar. Malamin ya ɗaga wata warƙa ya saita ta da hasken ƙofa, sai ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Irin wannan takarda daga Italiya ake yin ta, ta biyo ta Masar da Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙuma har ta iso kasuwar Kurmi. Wato tun kafin jirgin ƙasa, malamin ƙauyenmu yana rubutu da tawadar da ya dafa da kansa a kan takardar da ta ƙetaro teku.

Yawancin littattafan na fiƙihu ne da nahawu da waƙoƙin wa'azi cikin ajami, irin waɗanda ake samu ko'ina. Abin da ya shafi garinmu yana gefen shafi da bangon ƙarshe. A nan malamai kan rubuta ranar da aka haifi ɗa, ranar da wane ya rasu, shekarar da aka yi fari, sunan wanda ya kwafi littafin da wanda aka kwafa dominsa. A wasu waƙoƙin shekarar ma cikin ramzi take, haruffa ne ke tsaye a madadin lambobi, sai malami ya warware mana. A bangon wani littafi muka tarar da sunayen mamata a jere, da hannu ɗaya, da shekarar 1337 ta Hijira. Lissafin da muke yi shi ne a ninka shekarar Hijira da 0.97 a ƙara 622, wanda ya kai mu ƙarshen 1918. Marisuwa ke nan. Abin da tsofaffi suka ce iyayensu sun faɗa, cewa an wayi gari ana rasa masu ɗaukar gawa, sai ga shi a rubuce da hannun wanda ya gani.

A cikin adaka da ƙarƙashin gado kuma aka fito mana da wasu irin takardun: rasiɗin haraji da na jangali, takardar shaidar sayen gona mai hatimin alƙali, fasfon aikin hajji na zamanin Turawa, katin jam'iyyar NEPU da na NPC, takardar sallama ta wani da ya yi soja a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gara ta ci wasu, ruwa ya taɓa wasu. Mun roƙi masu su da abu uku: kada a liƙa musu salatif, kada a kai su a narka musu leda a shagon kwamfuta domin zafin da gam ɗin suna kashe takarda kuma ba a iya cirewa, sa'annan a naɗe su cikin ƙyalle mai tsabta a ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango.

Da muka tara na gida, sai aka tura mu biyu Kaduna. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma takardun mulkin Turawa na lardunan Arewa a Kaduna suke. Mun tafi da wasiƙar gabatarwa daga ƙungiya da ta hakimi, muka yi rajista, aka ba mu kundin jerin fayiloli. Na lardin Kano ana yi musu laƙabi da KANOPROF, na ofishin sakataren Arewa kuma SNP. Kana duba jerin, ka rubuta lambar fayil a ’yar takarda, ma'aikaci ya shiga ya ɗauko maka. Shawarata ga mai zuwa ita ce ya nemi sunan gundumarsu, ba sunan ƙauyensu kaɗai ba, kuma ya gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban, domin Turawa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, ba ƙugiya ba komai. Mu a ƙarƙashin rubutu iri uku muka sami namu.

Fayilolin da suka fi mana amfani su ne rahotannin ƙiyasin haraji, waɗanda jami'an Turawa kan rubuta bayan sun zaga gunduma ƙauye-ƙauye. A ciki akwai yawan magidanta, da shanu, da rijiyoyi, da karofi, da masaƙa, da ranar da kowace kasuwa ke ci, da taƙaitaccen tarihin da dagatai suka faɗa musu. A nan muka fahimci abin da tsofaffi ke nufi da "malaman taki", masu auna gona da taku don a yanka mata haraji. A nan kuma muka ga yadda tun wajen 1908 aka tilasta wa hakimai barin birnin Kano su koma zama cikin gundumominsu, abin da ya bayyana mana dalilin da ya sa gidan hakimi ya fi gidan dagaci ƙuruciya nesa ba kusa ba. Amma ina jan hankali: takardar Bature ba Alƙur'ani ba ce. Don haraji ya zo, mutane kuma sun san haka, saboda haka an ɓoye masa shanu, an rage masa ’ya'ya, kuma ta bakin tafinta ya ji komai. Mun ɗauke ta a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Daga can muka biya Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, muka duba kundayen digiri da ɗalibai suka rubuta kan gundumomin gabashin Kano. A hanyar dawowa muka tsaya Kano, Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, musamman don mu ga yadda ake jera kayan tarihi da rubuta bayaninsu.

Sai aikin da ba wanda ke so, wato mayar da murya rubutu. Hirar awa ɗaya takan cinye yini. Mun rarraba wa ɗaliban sakandare da ke hutu, da sharaɗin a rubuta yadda aka faɗa, kada a gyara wa tsoho Hausarsa, kada a mayar da "sule goma" naira. Ni kuma in bi da kunne ina dubawa. Wasu daga cikin yaran nan da suka fara don a ba su kuɗin kati, yanzu su ne ke zuwa taron wata ba a kira su ba.

Da aka zo haɗa labari, sai rigingimu biyu suka taso, kuma su ne suka fi cin zaman ƙungiya.

Ta farko, wa ya kafa garin. Gidan sarauta suna da nasu labarin, wanda ya fara daga kakansu da ya zo bayan jihadi, bayan Kano ta faɗa hannun jama'ar Shehu wajen 1807. Unguwar maharba da maƙera kuma suna cewa an tarar da su, kuma tsohuwar rijiya da kufan da ke arewa da gari nasu ne. Wasu a cikinmu suka ce a ɗauki na fada a huta. Ban yarda ba, kuma na faɗa a fili. Labaran biyu ba sa ƙaryata juna in an lura: ɗaya yana magana kan wanda ya fara zama, ɗaya kan wanda ya yi ganuwa ya kafa sarauta. Muka rubuta kowanne da sunan gidan da ya ba da shi, muka kawo abin da rahoton Bature ya ce, muka bar mai karatu da hankalinsa. Hakimi da aka karanta masa bai ce a cire komai ba.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce bauta. Akwai rinji, wato ƙauyen bayi masu noman gandu, a kudu da gari, kowa ya sani, kuma jikokin waɗanda aka ajiye a can suna nan, sun yi arziki, an yi auratayya da su. A cikin naɗinmu tsofaffi sun ambaci sunaye. A cikin takardun alƙali akwai shari'o'in fansa da na murgu, wato kuɗin da bawa kan biya ubangijinsa don ya yi aikin kansa. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a haramta bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, saboda haka abin bai yi nisan da muke zato ba. Wasu suka ce a tsallake babin kacokan, kada a tono abin da zai ɓata zumunci. Wasu suka ce tarihi tarihi ne, a faɗi komai. Mun daɗe a kan wannan. Matsayata ita ce, in muka share babin mun share mutanen da guminsu ya noma gandun da ya ciyar da garin, mun yi musu zalunci na biyu. In kuma muka buga sunaye, yaron da bai san komai ba za a fara yi wa gori a makaranta, wata kuma a fasa aurenta. Abin da aka tsayar shi ne a rubuta yadda abin ya gudana, daga ina aka kamo mutane, wane aiki suka yi, yadda suka fanshi kansu, ba tare da sunan gida ko na mutum ba. Naɗin da ke da sunaye aka ware shi daban, ba a ba kowa sai zuriyar wanda abin ya shafa in su suka nema. Wani dattijo daga cikinsu ya zo da kansa ya nema, ya saurara, ya ce a ƙara da cewa kakansa da saƙa ya fanshi kansa da matarsa. Mun ƙara, yadda ya so.

Kafin a kai komai maɗaba'a muka yi abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin duka: muka mayar wa mutane abinsu. Kashegarin hawan sallah ƙarama, lokacin da ’yan garin da ke Kano da Legas da Abuja suke gida, aka kafa rumfa a filin firamare, aka ɗauko lasifika, aka karanta daftarin babi-babi. Mata aka yi musu nasu zaman a islamiyya. Gyara ya zo ta ko'ina. Wata tsohuwa ta aiko cewa mun sa tsohuwar kasuwa a gabas da masallaci alhali a yamma take, kuma da aka je aka duba sai ga turakun mahauta a inda ta ce. Sarkin Pawa ya miƙe ya ce, "Malam, kun tsallake sarki ɗaya a gidanmu," ya lissafo su da yatsa. Tsohon ɗan dakon nan ya yi bayanin yadda ake auna gyaɗa a sikelin kantunan Turawa da na Kwara, wato ’yan Labanan, a bakin tasha, da yadda cinikin ya durƙushe bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, har mutane suka riƙa tafa masa.

A gefen rumfar muka jera kayan da aka ba mu aro na yini ɗaya, kowanne da sunan gidan da ya fito: akushi, tandu, wuri, anini mai huda, warwaro, sirdi, kwari da baka, allon ƙarfe na elemantare. Da yamma muka zaga da ɗalibai bisa sawun ganuwa, muna tsayawa a gurbin kowace ƙofa, mai unguwar wurin ya faɗi sunanta da inda hanyarta ke zuwa. Wannan zagaye yanzu ya zama na kowace shekara, haka ma gasar rubutu da muke sa wa ’yan sakandare, inda kowane yaro zai je ya yi hira da tsoho ko tsohuwar gidansu ya rubuto shafi biyu. Dagaci kuma ya hana ɗibar ƙasa a guntun ganuwar da ya rage ta arewa, muka kewaye shi da dashen darbejiya.

Littafin da ya fito ƙarami ne, da Hausa, kuɗin bugunsa daga asusu da gudummawar ’yan garin da ke waje. Mun kai kwafi fada, da kowace makaranta, da kowane gidan da aka yi hira da su. Muryoyi da hotunan takardu kuwa mun ajiye su wuri uku: a kwamfutar makaranta, a wata ma'ajiya da ke hannun ma'aji, da wata a Kano wajen ɗan uwanmu na jami'a, kuma duk shekara akan kunna a tabbatar suna buɗewa. A zaman watan jiya an amince da aiki na gaba. Malamai mata za su naɗi waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, waɗanda injin niƙa da siminti suka kusa kawar da su, mu kuma za mu bi rugagen Fulani da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda littafin farko bai taɓo ba. Za a fara da zarar an gama girbi, in Allah ya kai mu.